Yadda ake bin sawun kakannin da suka yi noma a gonar haya

Mai neman asalin gidansu a tsofaffin takardu yakan fara ne da rajistar filaye, da fatan ganin sunan kakansa a takardar mallaka. Idan kakan nan gonar haya ya noma, ba za a same shi a can ba, ko da ya shekara arba'in yana huɗar gona ɗaya. Takardar mallaka ta mai ƙasa ce. Shi ɗan haya sunansa a warwatse yake cikin takardun wasu: littafin karɓar haya na mai gona, jerin masu biyan haraji, takardar bashi a hannun ɗan kasuwa, rajistar kotu. Shi ya sa binciken irin wannan mutum yake tafiya a juye. Gonar za ka fara nema, daga ita ka gano mai ita, sannan ka shiga takardun mai ita ka tsamo naka.

Kuma ba 'yan tsiraru ba ne. A Ayalan wajen 1870, manoman da suka mallaki gonar da suke nomawa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. A Amurka ƙidayar 1880 ta nuna kusan gona ɗaya cikin huɗu a hannun 'yan haya take, kafin 1930 kuma adadin ya haura kashi 40 cikin ɗari. Misalan da za su zo daga ƙasashen da takardunsu suka fi tsira ne, amma hanyar ɗaya ce duk inda aka taɓa karɓar haya aka rubuta.

Kafa wuri da lokaci tukuna

Sunan ƙasa ko jiha ba ya isa. Abin da kake nema shi ne mafi ƙanƙantar yankin da hukuma ke rubutawa, domin takardun haraji da na haya a kan wurare aka tsara su, ba a kan sunayen mutane ba. An yanyanka Ayalan zuwa ƙananan yankunan karkara sama da 60,000, kowanne da sunansa, kuma wanda bai san nasa ba bai fara komai ba. A Ingila yankin coci ne ma'auni. A Amurka gunduma ce da ƙaramin yankin da ke cikinta.

Ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu: shekara, abin da ya faru, wurin da aka rubuta, sana'ar da aka ba mutumin. Ka cika su daga takardun haihuwa, aure, mutuwa, ƙidaya, wasiƙun gida, har da rubutun kan kabari. Haihuwar 'ya'ya ta fi komai amfani a nan. Idan an haifi na fari da na biyu a ƙauye ɗaya, na uku a wani, to tsakanin na biyu da na uku aka tashi, kuma shekarun da za ka bincika sun ragu daga ashirin zuwa biyu ko uku. Ka sa ido a kan gidan sana'a. Wanda aka rubuta manomi a haihuwar wannan ɗa, aka rubuta lebura a haihuwar na gaba, ya rasa gonarsa ne a tsakani, kuma rasa gona ya fi zaman lafiya a cikinta barin takarda.

Kafin ka wuce, bincika ko iyakar gundumar ta taɓa sauyawa. Takardu suna zama ne a hannun hukumar da ke riƙe da wurin ranar da aka rubuta su.

Wace irin haya ya yi?

Amsar wannan ita za ta gaya maka ko akwai yarjejeniyar da za ka nema, ko ɓata lokaci ne.

Akwai hayar wa'adi, wadda ake rubutawa a sa hannu gaban shaidu. Shekara 19 aka fi yi a Sukotlan, 21 a Ingila, 21 ko 31 a Ayalan. A Faransa an saba da 3, 6 ko 9, kuma ana ƙulla ta ne gaban jami'in rubuta yarjejeniya, don haka a kundinsa za a same ta, a ma'adanar takardun lardi.

Wadda ta fi daɗi ga mai bincike ita ce hayar rai uku, da aka yi sosai a Ayalan da kudu maso yammacin Ingila. Ba a sa mata shekaru. Tana ci har sai mutum uku da aka ambata a ciki sun mutu. Da yake ɗan haya yana son ta daɗe, yakan sa 'ya'yansa ƙanana, sai a rubuta sunayensu, da dangantakarsu da shi, sau da yawa har da shekarunsu. In ɗaya ya rasu a biya kuɗi a sa wani, wannan ma takarda ce. Sai dai ka yi hattara: wani lokaci ana sa ɗan gidan sarauta ko ɗan mai ƙasar, saboda mutuwar irin waɗannan ba ta ɓoyuwa. Ba duk sunan da ke cikin ukun ne ɗan'uwanka ba.

A Ingila akwai kuma tsohon tsarin riƙon gona bisa al'adar gandun ubangida, inda kotun gandun ke rubuta duk sauyin hannu ta ba mai riƙon kwafi. Idan uba ya mutu, littafin kotun yakan ambaci magajinsa da dangantakarsu. Dokar 1922 ce ta soke tsarin, ta fara aiki a 1926.

Mafi yawan talakawan manoma ba su sami ko ɗaya daga waɗannan ba. Hayar shekara-shekara suka yi, da baki, mai gona na iya ba su notis ya tashe su. Wasu kashe-mu-raba suka yi. A kudancin Amurka bayan yaƙin basasa, mai alfadari da garmarsa yakan ba mai gona sulusin masara da rubu'in auduga, wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa kuma a raba biyu. Can ƙasa akwai ɗan hayar ɗan haya, wanda babban mai ƙasar bai ma san sunansa ba. Ga waɗannan, kada ka nemi yarjejeniya. Littafin karɓar kuɗi da takardun bashi ne gidansu.

Gano mai ƙasar

Nan ne aikin yake. Abin nema shi ne takardar hukuma da ta jera mai gona da mazaunin gona a layi ɗaya, kuma kusan kullum haraji ne ya haifar da ita.

A Ayalan ita ce Ƙimar Griffith, binciken ƙimar filaye da aka sa wa sunan shugaban aikin, da aka buga gunduma bayan gunduma tsakanin 1847 da 1864. Kowane layi yana da lambar fili, sunan mazauni, sunan wanda ya ba shi haya kai tsaye, bayanin abin da ya riƙe, faɗinsa da ƙimarsa ta shekara. Lambar tana kai ka ga taswira, har ka ga iyakar gonar. Ka karanta gidan mai ba da haya da kyau. Idan sunan da ke ciki na wani manomi ne da shi ma ya fito a matsayin mazauni a layi na sama, to kakanka ɗan hayar ɗan haya ne, sai ka duba wa shi wancan yake biya. Kafin Griffith akwai littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837, amma sun tsallake leburori marasa gona da mutanen gari. Bayansa akwai littattafan gyara na ofishin ƙima, inda ake soke tsohon suna a rubuta sabo da tawada mai launi dabam, shekarar gyaran na gefe. Ana jingina da waɗannan ne domin ƙidayar ƙarni na 19 kusan duk ta salwanta, wani ɓangare a gobarar ofishin adana takardu ta Dublin a 1922, wani kuma hukuma ce ta lalata tun kafin nan. Ƙidayar 1901 da 1911 sun tsira, kuma fom ɗin gidaje da ke tare da su yana da gurbin sunan wanda gidan ke kan filinsa. Mutane da yawa suna buɗe fom ɗin iyali su rufe, ba su taɓa leƙa wannan ba.

A Ingila da Wels, dokar 1836 da ta mai da ushirin coci kuɗi ta sa an zana taswirori da jadawalinsu: mai fili, mazauni, lambar gona, sunanta, abin da ake yi da ita, faɗinta. Kwafi uku aka yi, don haka in na yankin ya ɓata akwai na babbar ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew, a Landan. Ba kowane yankin coci aka yi wa ba. Jerin harajin ƙasa na 1780 zuwa 1832 ya fi shi wani amfani, tun da shekara-shekara yake, kana iya ganin shekarar da suna ya shigo da wadda ya fita. Ƙidayar 1851 zuwa 1881 takan ba da yawan ekar manomi da yawan leburorinsa, ba tare da ta ce tasa ce ko ta haya ba. Ka haɗa jimillar filayensa a jadawalin ushiri ka gwada da wannan adadi. In sun yi kusa, gona ɗaya ce. Ga na baya-bayan nan akwai binciken ƙimar filaye na 1910 da binciken gonaki na 1941 zuwa 1943.

A Sukotlan, jerin ƙimar kadarori ne da aka fara shekara-shekara daga 1855, da mai kadara, ɗan haya, mazauni da kuɗin hayar. A shekarun farko ba dole ba ne a sa sunan ƙaramin ɗan hayar da kuɗinsa bai kai fam 4 ba, don haka rashin ganin sunan bai nuna ba ya nan ba.

Amurka ta fi wuya, domin babu takarda guda da ta haɗa biyun. Jadawalin noma na ƙidayar 1880 shi ne ya fara tambayar ko manomi mai gona ne, ko kuɗi yake biya, ko rabon amfani. Ƙidayar 1890 ta lalace a gobarar 1921. Daga 1900 ana sa harafin O ga mai mallaka, R ga ɗan haya. Sunan mai gonar fa? Ka bi ƙafar ma'aikacin ƙidaya. Gida-gida ya bi, don haka ka rubuta masu harafin O da ke sama da ƙasa da kakanka, shafi ɗaya ko biyu, ka nemo su a taswirar masu filaye ta gundumar. Filin da ke tsakaninsu, wanda mai shi bai fito cikin ƙidayar yankin ba, shi ne abin zato na farko. Zato ne, sai wata takarda ta tabbatar.

Cikin takardun gidan mai ƙasa

Da ka sami sunan, ka daina neman sunan kakanka a kundin ma'adana. Masu jera takardu ba sa fitar da sunayen 'yan haya ɗaya-ɗaya. Abin da za ka gani shi ne sunan gidan masu ƙasar, da bayani gajere irin "littattafan haya, shekara kaza zuwa kaza". Ka nema da sunan iyalin, da sarautarsu in suna da ita, da sunan gandun, da sunan wakilinsu ko lauyansu. Kada ka tsaya a gundumar da gonar take. Mai ƙasa na iya zama a wata ƙasa dabam, takardunsa su bi shi, ko su bi 'yarsa gidan aure, ko su kwana a ofishin lauya. Takardun gonakin Ayalan da yawa a Ingila suke saboda haka. Idan mai ƙasar coci ce, ko jami'a, ko kamfani, ka yi sa'a, su ba sa mutuwa a raba kayansu.

Ka fara da littafin karɓar haya. Shafinsa yakan zo haka: sunan yanki a sama, sunayen 'yan haya a jere a hagu, sai bashin da aka shigo da shi, kuɗin wannan zango, abin da aka biya, abin da ya rage, sai gidan bayani a ƙarshen dama. Kuɗin a fam, sule da kwabo yake: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya. Gidan bayanin nan shi ne zuciyar littafin, kuma shi ne ya fi wuyar karantawa domin a gurguje wakili ke cika shi. A nan ake samun irin su ya rasu, matarsa ce ke riƙe, an ba surukinsa, an yafe masa rabi saboda ruwa ya ci gonar, an ba shi notis, ya tafi Amurka.

Kada ka karanta shekara ɗaya. Ka ɗauki layi ɗaya ka bi shi littafi bayan littafi, kana kallon adadin hayar da matsayin layin a shafi. Idan suna ya sauya amma kuɗin da matsayin suna nan, gona ɗaya ce ta sauya hannu. Idan sunan gida bai sauya ba, akwai yiwuwar gado ne. Idan ya sauya, ka duba rajistar aure ta shekarun, sau da yawa mijin 'ya ne ko sabon mijin gwauruwar. Inda aka rubuta "magadan wane" kuwa, mutumin ya mutu, iyalinsa na biya, kuma rubutun na iya zama haka shekaru da yawa domin wakili bai damu da sunan mai kawo kuɗi ba matuƙar kuɗin na zuwa.

Game da bashi: a Ayalan ta dā al'ada ce a bar ɗan haya da bashin wata shida a kansa kullum, don haka ganin wannan ba alamar karaya ba ce. Bashin da ke ninkuwa zango bayan zango shi ne abin lura, kuma in ka gan shi ka shirya zuwa takardun kotu.

Bayan littafin haya sai taswirorin gandun, wasiƙun wakili zuwa ga ubangidansa, koke-koken 'yan haya, da littafin albashin leburori. Wasiƙun suna cin lokaci, amma a cikinsu ne kaɗai za ka ji an kwatanta halin mutum, ko da yake daga bakin mai binsa kuɗi ne, sai ka rage gishiri.

Idan an taɓa sayar da gandun, ka nemi takardar tallarsa. Mai saye yana so ya san abin da zai riƙa shigo masa, don haka ana jera 'yan haya, kuɗinsu da irin hayarsu. A Ayalan kotun sayar da gandayen da bashi ya ci, da aka kafa a 1849, ta buga irin waɗannan masu yawa, har da sunayen rayukan da yarjejeniyoyi suka rataya a kansu.

In takardun mai ƙasa sun ɓata

Hakan na faruwa sosai, musamman ga ƙananan masu gona. Sai ka koma ga abin da ɗan haya ya mallaka da kansa: dabbobi, kayan aiki, amfanin da ke tsaye a gona.

A Amurka jerin harajin kadarar da ake iya ɗauka yana kama wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Jihar Bajiniya ta fara nata a 1782, shekara-shekara. A ofishin kotun gunduma akwai rajistar jinginar amfanin gona da ta dabbobi, inda manomi ke ci bashi a kan audugar da bai ma shuka ba. Takardar takan faɗi cewa amfanin zai fito ne daga filin wane, ga sunan mai gonarka ke nan. Waɗannan littattafan dabam suke da na cinikin filaye, sai ka tambaye su da kansu. Ga zuri'ar bayin da aka 'yanta, hukumar da ta kula da su daga 1865 zuwa 1872 ta bar yarjejeniyoyin ƙwadago masu ɗauke da sunayen iyali gaba ɗaya.

Ka duba takardar rabon gadon mai gonar, ba ta kakanka kaɗai ba. Cikin lissafin masu kula da gado akwai hayar da aka karɓa da wadda ake bi, da sunaye. Ka duba ƙarar bashin haya, da umarnin kama kaya, da na tashi. Jaridun yanki suna buga tallan gwanjon kayan manomin da zai bar gona, da tallan gonar da ake neman sabon ɗan haya, inda akan ambaci wanda ke ciki.

Abubuwan da ke ɓatar da mai bincike

Ranakun haya suna taimaka wa lissafi. A wancan zamani, a Ingila 25 ga Maris da 29 ga Satumba ne, a Sukotlan 15 ga Mayu da 11 ga Nuwamba, a yawancin Ayalan 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba, a jihohin tsakiyar ƙasar Amurka kuma 1 ga Maris aka fi sauya gona. Idan suna ya ɓace, ka duba zango na gaba a sauran yankunan mai ƙasar nan ɗaya kafin ka ce ya bar ƙasar. Wakilai sukan matsar da mutum daga wannan gona zuwa waccan.

Shekarar da aka gyara littafin hukuma ba ita ce shekarar da abin ya faru ba. Ma'aikacin ƙima na iya soke sunan mamaci bayan shekara biyu ko fiye. Ka ɗauke ta a matsayin iyaka: ya mutu kafin nan.

Ma'auni ma tarko ne. Ana rubuta faɗi a gida uku masu haruffan A, R, P: eka, rubu'in eka, da kashi ɗaya cikin 160 na eka. Amma ekar Ayalan ta dā ta kai kusan 1.62 na ekar hukuma. Gonar da littafin ushiri ya ce eka 10 ce za ta iya fitowa 16 a Griffith, ba tare da an ƙara mata ko kunya ɗaya ba.

Sai sunaye iri ɗaya. A yankin da dangi suka daɗe, mutum uku ko huɗu na iya amsa suna ɗaya a shafi ɗaya, kuma ɗaukar wanda ya fi girman gona kuskure ne da ake yawan yi. Ka rarrabe su da maƙwabta, da shaidun aure, da waɗanda suka tsaya wa jarirai a coci, domin yawanci daga gonakin da ke iyaka da juna suke fitowa. Ma'aikatan Griffith sun sha wannan wahalar kafin kai, shi ya sa sukan ƙara wata kalma bayan sunan: laƙabi, sana'a, ko sunan uban mutumin. In sunan mutum ne aka ƙara, ka nemi wannan sunan a littafin ushiri na yankin, shekara ashirin ko talatin baya, ka ga ko shi ne ke riƙe da gonar a lokacin.